Yadda za ka karanta alƙaluman jama'ar gaɓar tekun Gana ba tare da sun ruɗe ka ba

Wata Asabar bayan la'asar muna taron kwamitin unguwa a nan Nima, cikin birnin Akra, ana shawarar rubuta wa hukuma takardar neman ƙarin ajujuwa, sai wani saurayi da na taɓa koyarwa ya miƙe da waya a hannu. Ya ce, "Malam, takardar nan ba za ta yi tasiri ba, don mutanen Akra raguwa suke yi. Ga shi nan a rubuce. A 2010 sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, a 2021 kuma dubu 284 ne kacal." Wuri ya yi tsit. Can sai wani Alhaji mai sayar da albasa ya gyara zama ya ce, "To ɗana, waɗanda suka tsare ni awa biyu a Acimota da safen nan, aljanu ne?"

Aka yi dariya, amma yaron bai yi ƙarya ba. Duka alƙaluman biyu na hukumar ƙididdiga ta Gana ne. Abin da bai sani ba shi ne yadda ake karanta su. Ni malamin lissafi ne, kuma ina cikin waɗanda aka ɗauka aikin ƙidayar 2021, na zaga gida-gida da kwamfutar hannu, saboda haka na ga inda lambobin nan suke fitowa. Abin da zan zayyana a nan shi ne hanyar da nake bi in an tambaye ni mutum nawa ne a bakin teku, su wane ne, kuma ina suka dosa. Mai son buɗe shago yana bukatarta, haka mai neman fili, haka ɗalibin da aka ba aikin bincike.

Fara da iyaka, kafin ka dubi lamba

Duk lambar da ka gani, tambayar farko ita ce: ta wane wuri ce, kuma wurin nan girmansa ɗaya ne da na wancan karon? A nan yaron ya faɗi. Hukumar birnin Akra ta 2010 ta ƙunshi Nima da Mamobi da Dansoman da Osu da sauransu da yawa. A 2018 da 2019 aka yi ta yanka ta, aka fitar da gundumomin Ayawaso, da yawancin Ablekuma, da Okaikwei ta Arewa, da Korle Klottey. Mu mutanen Nima muka koma ƙarƙashin Ayawaso ta Gabas. Abin da ya rage da tsohon sunan ɗan tsakiyar gari ne kawai, wajen Jamestown da Makola da Kaneshi da Chorkor. Babu wanda ya gudu. Suna ne ya tsaya, ƙasa ta tsuke a ƙarƙashinsa.

Irin wannan tarkon yana nan a matakin yankuna ma. Yankuna huɗu ne suka taɓa teku a Gana: na Yamma, na Tsakiya, Babban Akra da Volta. In ka ɗauko Volta za ka ga mutum 2,118,252 a 2010, sannan 1,659,040 a 2021, ka ce an yi annoba. Ka ɗauko na Yamma ka ga 2,376,021 sun koma 2,060,585. Dalili shi ne ƙuri'ar raba gardama ta Disambar 2018, wadda ta mai da yankunan ƙasar daga 10 zuwa 16. An cire Oti daga Volta, an cire Yamma ta Arewa daga Yamma. Abin yi shi ne ka mayar da abin da aka cire kafin ka kwatanta. Oti tana da 747,248, ka haɗa da Volta ka sami sama da miliyan 2.4. Yamma ta Arewa tana da 880,921, ka haɗa ka sami sama da miliyan 2.9. Ashe duka biyun ƙaruwa suka yi.

Babban Akra da yankin Tsakiya ba a taɓa iyakarsu a wancan rabon ba, don haka su kana iya jera lambobinsu kai tsaye. Babban Akra ya tashi daga 4,010,054 zuwa 5,455,692. Tsakiya ya tashi daga 2,201,863 zuwa 2,859,821.

Akwai kuma wani abu da mutane ke yi wanda ba na so. Sai su tara yankunan huɗun nan, su sami miliyan 12 da 'yan kai, kusan kashi 39 cikin ɗari na mutanen ƙasa, su ce wai waɗannan su ne mazauna bakin teku. Mutumin Hohoe ko Dunkwa ko Tarkwa, garuruwan yankunan nan da ke nesa da teku, yana iya shekara bai ji ƙarar igiyar ruwa ba. In gaɓar kanta kake nufi, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 550 daga iyakar Kwaddibuwa zuwa Aflao, to gunduma-gunduma za ka bi, ka tsinci waɗanda suka taɓa ruwa kaɗai. Aiki ne na yamma ɗaya. Rahoton ƙidayar 2021 yana shafin hukumar ƙididdiga a intanet kyauta, kuma kundi na 3A shi ne mai jerin yankuna da gundumomi 261 na ƙasar. Na 3B yana da shekaru da jinsi, na 3C yana da ƙabila da addini. Waɗannan ukun sun ishe ka.

Ka san daren da aka ƙirga

Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe. Ƙidayar Gana ba ta tambayar inda mutum yake aiki, ko inda aka haife shi, don ta sa shi a lissafin wurin. Inda ya kwana a dare ɗaya tak take ƙirga shi. A 2021 daren shi ne na Lahadi 27 ga Yuni. A 2010 kuwa 26 ga Satumba ne.

Bari in ba ka misalin gida ɗaya da na shiga. Gidan haya ne irin namu na zango, ɗakuna jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya ta ratsa ko'ina. Mai gidan wata Hajiya ce da ta haura saba'in, tana zaune kan tabarma tana tsince wake. Na gaishe ta, na ce, "Hajiya, su wa suka kwana a ɗakinki daren Lahadi?" Ta ce, "Malam, 'ya'yana bakwai." Na ce ba 'ya'yan da Allah ya ba ta nake tambaya ba, waɗanda suka kwana nake nufi. Da muka bi a hankali, sai ga shi babban ɗanta direba ne, a Kumasi ya kwana, can za a ƙirga shi. Biyu suna Kasoa da iyalansu. Ɗaya yana ƙasar waje, shi ba ya cikin lissafin ƙasar ma gaba ɗaya. Amma akwai wata jikar ƙanwarta da ta zo daga Bawku ganin likita ta kwana uku, ita kuwa ta shiga lissafin Nima, ko da yake ranar Laraba ta koma. Daga bakwai muka dawo huɗu, ban da ita Hajiyar, kuma ɗaya a cikinsu baƙuwa ce.

Gidan kansa ma ba iyali ɗaya aka ɗauke shi ba. Ka'idar ita ce waɗanda suke kwana wuri ɗaya kuma suke ci daga tukunya ɗaya. Saurayin da ke haya shi kaɗai, yana sayen koko da ƙosai a bakin titi, shi iyali ne guda. Shi ya sa in ka karanta cewa matsakaicin iyali a Gana mutum 3.6 ne a 2021, kuma na Babban Akra bai kai haka ba, kada ka ɗauka gidajen fayau suke. Ƙofa ɗaya tana iya haɗa iyali goma sha biyar.

To me wannan ya haifar ga bakin teku? Abu biyu. Na farko, kasuwannin tsakiyar Akra suna cika da rana da mutanen da takarda ta rubuta a wani wuri. Makola da Kantamanto da Tudu, in ka je da hantsi ba wurin sa ƙafa, in ka koma ƙarfe goma na dare sai masu gadi da 'yan kayayo, wato mata masu dako, da ke kwana gaban shaguna. Mai neman inda zai sayar da abincin rana, lambar ƙidaya ba ta amfane shi ba. Mai neman inda zai gina makaranta, ita ce tasa, domin yaro kusa da inda yake kwana yake karatu.

Na biyu, masunta. Ƙabilun Fante na Elmina da Moree, da Ewe na wajen Keta, da Ga na Chorkor da Tema, mazansu ba mazauna ba ne. Kifi suke bi. Tun kaka da kakanni kwale-kwalensu suna kaiwa Kwaddibuwa da Laberiya har Gambiya da Senegal, wasu su yi watanni, wasu shekaru. Babbar kakar kifi kuma tana zuwa ne tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da ruwan ƙasan teku mai sanyi yake tasowa sama. Saboda haka ƙidayar da aka yi a ƙarshen Satumba da wadda aka yi a ƙarshen Yuni ba lallai su tarar da mutane iri ɗaya a garin masunta ba. In ka ga mata sun rinjayi maza sosai a irin waɗannan garuruwan, fiye da na ƙasa baki ɗaya inda mata suke kashi 50.7, kada ka yi saurin cewa maza mutuwa suke yi. Leƙa bakin ruwa ka ga su wa ke ƙyafe kifi, ka tambaye su ina mazan.

Lissafin da za ka yi da wayarka

Nan ba wuya. Ɗauki sabuwar lamba ka cire tsohuwa. Na Babban Akra, 5,455,692 a cire 4,010,054, saura 1,445,638. Raba wannan da tsohuwar lambar, za ka ga ƙarin ya kai kashi 36 cikin ɗari. Tsakanin ƙidayar biyu shekara goma ne da wata tara. In ka raba ƙarin da wannan tsawon, kusan mutum dubu 134 ke nan a shekara, wato wajen 370 kowace rana ta Allah. Ni wannan ta ƙarshen nake gaya wa dattawa, domin miliyan ba ta shiga kai, amma kowa ya san yawan mutanen da ke cika sahu biyar ko shida a masallacin Juma'a.

Hukuma ta ce yankin yana ƙaruwa da kashi 2.9 a shekara, ƙasa baki ɗaya kuma 2.1. Ga dabarar da nake koya wa ɗalibai: raba 70 da wannan adadin, abin da ya fito shi ne kimanin shekarun da jama'a za su ninka. Saba'in a raba da 2.9 ya ba da 24. Amma kada ka tsaya a ƙidaya biyu kawai, koma baya. A 1984 yankin yana da kusan miliyan 1.4, a 2000 ya kai miliyan 2.9, ya ninka cikin shekara 16. Daga 2000 zuwa 2021, shekara 21, bai gama ninkawa ba. Wato mutane suna ƙaruwa, amma gudun ya ragu. Mai cewa Akra ta cika ta batse yana da gaskiya, yankin shi ne mafi ƙanƙanta a ƙasar, murabba'in kilomita 3,245 kawai, mutum kusan 1,680 a kowane ɗaya, alhali na ƙasa 129 ne. A 2021 ne kuma ya wuce yankin Ashanti ya zama na ɗaya a yawan jama'a, da ratar mutum dubu goma sha biyar kacal. Mai cewa gudun ya ragu shi ma yana da gaskiya.

Bi mutanen zuwa inda suka koma

Gudun bai ragu don mutane sun daina zuwa ba. Birnin ne ya tsallake iyakar yankinsa. Duk wanda ya san hanyar Winneba ya san Kasoa. Sunan ma namu ne, kasuwa ce bakin mutanen wurin ya mai da ita Kasoa, tsohon sunan garin Odupongkpehe. A ƙidayar 1970 mutanen garin ba su kai dubu ɗaya ba. A 1984 ba su kai dubu uku ba. A 2000 sun kusa dubu 35, a 2010 sun kusa dubu 70. Gundumar Awutu Senya ta Gabas, wadda Kasoa ce hedkwatarta, ta tashi daga 108,422 a 2010 zuwa 236,527 a 2021. Ta ninka har da ɗori cikin ƙasa da shekara goma sha ɗaya. Kuma Kasoa a takarda ba Akra ba ce, yankin Tsakiya ce, tare ake lissafa ta da Cape Coast mai nisan tafiyar sa'o'i. Don haka in ka ga yankin Tsakiya ya ƙaru da mutum dubu ɗari shida da hamsin, kada ka zaci garuruwan masunta ne suka bunƙasa. Kaso mai tsoka na ƙarin mutanen Akra ne da kuɗin haya ya koro.

Ni kaina ƙannena biyu can suke. A Nima aka haife su, a Nima suka yi makarantar allo, amma da aure ya zo, mai gida ya ce a biya hayar shekara biyu gaba ɗaya kan ɗaki guda, sai suka ga gara su sayi ɗan fili a bayan Kasoa su fara da ɗaki biyu ba filasta. Kullum kafin asuba suke fita.

Wannan ba sabon abu ba ne a bakin tekun nan. Duk inda aka kafa tashar jiragen ruwa ko fadar mulki, jama'a can suke malala. Turawa sun ɗauke hedkwata daga Cape Coast zuwa Akra a 1877, Cape Coast ta tsaya cak, Akra ta tafi. Takoradi ƙauye ce kafin a buɗe tasharta a 1928, kuma ta sake samun baƙi bayan an gano man fetur a teku a 2007. Tema ƙauyen masunta ce, aka tashe su aka mai da su Tema Manhean don a gina tashar da aka buɗe a 1962. Leburorin da ba su sami gida a sabon garin da aka tsara ba suka yada zango a Ashaiman. A 1960 Ashaiman ba ta kai mutum dubu uku ba, a 1970 ta haura dubu 22, a 2000 ta kai dubu 150. Amma duba abin da ya biyo baya: 190,972 a 2010, sannan 208,060 a 2021. Ta cika, ba sauran fili, sai ambaliyar ta wuce gaba zuwa Kpone da Prampram. Abin da ya faru da Nima jiya shi ya faru da Ashaiman, kuma ina kyautata zaton Kasoa ma tana kan hanya. In kana neman inda jama'a za su kasance nan da shekara goma, kada ka dubi gundumar da ta fi yawa, dubi wadda ke maƙwabtaka da ita da har yanzu akwai gonaki.

Gabas da kogin Volta kuma labarin ya juya. Can teku ne ke korar mutane. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 yashin da kogin ke kawowa bakin teku ya ragu, igiyar ruwa ta ci gaba da cin ƙasa. Keta ta yi asarar babban ɓangare na tsohon garinta kafin a yi mata katangar duwatsu a farkon shekarun 2000, ƙauyen Fuveme kuwa ruwa ya kusa shafe shi. In lambar wani gari a can ta tsaya ko ta ragu, bayan ka tabbatar ba raba gunduma aka yi ba, domin an cire Anloga daga Keta a 2019, sai ka tambayi inda ruwa ya tsaya bara da inda yake bana.

Haihuwa ce ko ƙaura?

Ana yawan ɗora wa haihuwa laifin cunkoson Akra. Binciken lafiya da iyali na 2022 ya nuna mace a Gana tana haihuwar 'ya'ya 3.9 a matsakaici, alhali a 1988 adadin 6.4 ne. A Babban Akra 2.9 ne, mafi ƙanƙanta a ƙasar, a yankin Arewa maso Gabas kuwa 6.6. To ka ga, wurin da aka fi ƙarancin haihuwa yana gaban matsakaicin ƙasa a ƙaruwa. Ruwa ba ya tsami banza. Cikon daga motocin da ke sauke fasinja kowace asuba yake zuwa, daga Tamale da Bolga da Wa da Ho da Kumasi.

Hanyar tabbatar da wannan ita ce jadawalin shekaru a kundi na 3B. A ƙasa baki ɗaya yara 'yan ƙasa da 15 kashi 35.3 ne a 2021, sun sauko daga 41.3 a shekarar 2000. Ɗauki gundumar da kake so ka kwatanta da wannan. In yara sun gaza haka, 'yan ashirin zuwa talatin da biyar kuma sun kumbura, wurin masu zuwa neman kuɗi ne, ɗakin haya da abincin saye za su yi kasuwa. In yara da tsofaffi ne suka yi yawa, tsakiyar ta rame, wurin da ake bari ne a tafi. In kuwa ka ga 'yan talatin da arba'in tare da ƙananan yara rututu, sabuwar unguwar masu gini ce, siminti da makarantar reno ake nema.

Su wane ne mutanen, kuma mu ina muke?

Ƙasar Akra ta Ga da Dangme ce, su ke da sarauta da filaye, su ke bikin Homowo, su ke hana kiɗa kafin bikin kowa ya bi. Amma a lamba ba su ne kan gaba ba. A ƙidayar 2010 Akan sun kusa kashi 40 na yankin, Ga da Dangme kashi 27 da ɗoriya, Ewe kashi 20. Mai sayen fili ya riƙe wannan da kyau: yawan Twi, harshen Akan, da kake ji a mota ba ya nufin wurin masu Twi za ka nemi takardar fili.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar ga mai karatu Bahaushe. Za ka buɗe jadawalin ƙabilu ka ga manyan rukunai takwas: Akan, Mole-Dagbani, Ewe, Ga-Dangme, Gurma, Guan, Grusi da Mande. Ba za ka ga Hausa a jerin ba, muna cikin ragowar da aka tara wuri ɗaya, waɗanda duka-duka kashi 1.6 ne a ƙasa a 2021. Wanda ya tsaya nan zai ce Hausa ba ta da masu ji a bakin teku. Alhali ka shiga Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ko Madina ko Fadama ko zangon Ashaiman, da Hausa ake ciniki, da ita ake wa'azi, da ita ake faɗa. Mai maganar kuwa in ka tambaye shi asali sai ya ce Dagomba ne, ko Moshi, ko Kotokoli, ko Busanga, ko Wangara, ko Bazabarme, ko Bafillace. Kowannensu ya tafi rukuninsa a takarda. Tambayar ƙabila aka yi, ba ta harshen da ake magana a tsakar gida ba. In yawan masu jin Hausa kake son kimantawa, jadawalin addini na gunduma ya fi kusa da kai ka ga amsa, duk da shi ma ba daidai ba ne, tunda akwai Musulmin Fante da na Ga da ba sa jin ta. Musulmi kashi 19.9 ne a ƙasa a 2021, a Babban Akra kuma kusan kashi 12 ne a 2010, sai dai ba a warwatse suke ba, a dunƙule suke a unguwanni sanannu.

Akwai kuma tarihin da ya sa amsar wannan tambayar take da nauyi a zango. Hajiyar nan mai tsince wake, da na zo kan tambayar ƙasa da ƙabila, sai ta ajiye faifan ta dube ni. Ta ce, "Malam, ka rubuta a nan aka haife ni, a nan aka haifi uwata." Na ce na rubuta. Ta ce, "Sake dubawa." Tana budurwa a Nuwambar 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, ta ga maƙwabta sun sayar da gadaje da tukwane a wulaƙance sun hau manyan motoci. Sawun wannan yana cikin alƙaluma: baƙi kashi 12 ne da ɗoriya a ƙidayar 1960, a ta 1970 sun koma ƙasa da kashi 7. Wasu tafiya suka yi da gaske, wasu kuma sun koyi abin da ake faɗa wa mai takarda da biro. Haka ita ma ƙidayar 1984 ta zo ne shekara ɗaya bayan Najeriya ta koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya. Duk lokacin da lamba ta yi tsalle ko ta faɗi ba zato, dubi abin da ya faru a shekarar da ta gabace ta.

Daga nan sai ka rufe littafin ka sa takalmi

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Bayan na gama da jadawali, abin da nake yi shi ne in je mahaɗar hanyoyi ta Malam, inda ake shigowa Akra daga Kasoa, da ƙarfe biyar da rabi na safe in tsaya minti talatin. Motocin da ke shigowa daga Kasoa a cike suke maƙil, masu fita kuwa rabinsu kujeru ne. Da yamma abin ya juya. Sannan in shiga unguwar da nake bincike in ƙirga gine-ginen da ba a gama ba a layi ɗaya, in tambayi mai sayar da bulo tun yaushe ya buɗe, in tambayi shugaban makarantar firamare yara nawa ya ɗauka aji ɗaya bana da shekara biyar baya. Limamin unguwa ma ya san ko suna ya fi yawa a wata ko jana'iza, ya kuma san sau nawa aka ƙara rumfa a masallaci. Ofishin tsare-tsare na kowace gunduma yana da taswirar iyakarsa, ka je da ladabi ka nema, ita za ta raba ka da irin kuskuren ɗalibina.

Takardarmu dai mun rubuta ta da lambar Ayawaso ta Gabas, ba ta tsohuwar Akra ba, muka haɗa da rajistar makarantu uku da adadin yaran da ke zama a benci ɗaya. Yaron nan shi ya buga ta a kwamfuta. Alhaji mai albasa ya sa hannu a matsayin mazaunin Nima, kuma a Nima aka ƙirga shi daren 27 ga Yuni. Kwana huɗu bayan wannan daren, ranar 1 ga Yuli, aka tashi kasuwar albasa ta Agbogbloshie aka mai da su Adjen Kotoku, can bayan Amasaman. Yanzu kwana huɗu a mako a rumfarsa yake kwana, don kada motar albasa daga Agadas ta iso da tsakar dare ba ya nan.